Hanjin Ragon Suna

Panyu, Guangzhou

Zuwa ga Malam Illa, kurman danginmu.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gaida Saffana da yara. Yaya ƙafar taka? Ni lafiya lau, sai gwiwa da rashin barci. Surayya ce ke rubuta mini, matar maƙwabcinmu, 'yar Fagge, ta rantse maganar ba za ta fita ba. Takarda na yi maka don kai ko ihu aka yi a waya ba ji kake ba, ni kuma ba na son muryata ta shiga waya, abin da ya shige ta ba ya fita. Alhaji Abdulrasheed mai takalma zai kawo maka.

'Yata Zulaiha ta sauka lafiya, namiji. Muna wankan jego, amma wane irin wanka, ba itace ba tukunya, sai wata buta mai igiya da ake cusawa a bango. Ganyen darbejiyar da na ƙunso ya kusa ƙarewa, duk shagon da aka tambaya sai a ce “meyo”, wato babu. An yi suna, an samo rago wurin Musulmin ƙasar masu farar hula. Na zauna na wanke hanjin nan tas, na kitse shi irin kitson gidanmu, na sa a firij don farfesun mai jego. Gari ya waye babu hanji, babu zoɓon da na dafa cike da bokiti. Har matar da ke share bene na zarga. Ba shi ya sa na rubuto ba, amma har yau abin na cina.

Maganar Shitu ce. Ka san wuyar da na sha da jikan nan nawa da kwalbar maganin tari, kafin mijin Zulaiha ya ɗauko shi nan yana ɗaure masa kaya a kasuwar Kanan. Na zo na same shi ya yi kumatu, yana salla. Na ce alhamdu lillahi.

To shekaranjiya mata suka zo gaida mai jego, suna ta ƙyaƙyata dariya a kan waya. Ɗaya ta miƙo mini ta ce, “Inna, jikanki ya zama ɗan fim.” Wai shi da abokinsa Abdulgani mai kayan waya suka haɗa, sunan fim ɗin Tsutsar Kwalba. Na duba sai ga Shitu ya kafa kai a kwalba, ga wata aba tana leƙowa daga kunnensa tana masa magana, ga jini ko'ina.

Illa, ni ba yarinya ba ce. Na san fim ƙarya ne, na san wanda aka kashe tashi yake ya ci tuwo. Jinin bai dame ni ba. Rawar hannun ce. Da yadda yake sosa wuya, da yadda leɓensa na ƙasa ya saki. Wallahi haka na tsince shi a bayan masallacin unguwarmu wancan karon, ba ragi. Na yar da wayar.

Na sa Surayya ta karanta mini abin da masu kallo suka rubuta a ƙasan fim ɗin. Wani ya ce ya yi dariya har ya yi amai. Wani ya ce shirme ne, ana ganin hannun mai riƙe da tsutsar. Wani ya ce haramun ne, shi don ya tabbatar da haramcin ma ya sake kallo. Amma da yawa cewa suke, “Wannan ba kwaikwayo ba ne, yaron ɗan hannu ne, mun san idon.” Wata mata ta ce haka ɗanta ya yi makon da zai rasu.

Ban faɗa wa Zulaiha ba, kada nononta ya ƙafe. Ban tambayi Shitu ba, don na san rantsuwarsa. Kai kaɗai ne babba namiji da ya rage mana. Nan ƙasar an ce ba sa wasa da mai shaye-shaye, in suka kama shi ko gawarsa ba zan gani ba. Ka je mini ƙauyen nan wurin Malam Dogara mai ɗaure irinsu da mari, ka ji ko zai karɓe shi. Gara ƙarfe a ƙafa da likkafani. Ka yi sauri, Illa.

Taubashiyarka,
Fasuma

(Baba, Surayya ce. Ni dai na kalla duka, wallahi abin dariya ne. Na ce ta kalla daga farko ta ƙi.)

*

Rijiyar Lemo, Kano

Fasuma, sarauniyar tsoro.

Na amsa sallamarki. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Takardarki ta daɗe a aljihun Alhaji kafin ya tuna da ni, shi ya sa kika ji shiru.

Fim ɗin ya riga takardarki isowa. Babu teburin mai shayi a unguwar nan da ba a kunna shi. 'Yan adaidaita sahu sun mai da shi nasu, ɗaya har ya zana tsutsar a bayan kekensa. Manya kuwa tir suke, liman ya ce ƙazanta ce, Saffana ta leƙa ta ce an tayar mata da zuciya. Yaran an ce sun haddace maganganun ciki, suna jifan juna da su.

Na je na zauna na kalla da su. Tunda ba ji nake ba, sai na kalli fuskokinsu. Waɗanda suka fi kowa dariya su ne masu jan ido. Da aka zo wurin rawar hannun nan, dariya ta ɗauke ɗif. Wani dogo ya tashi ya bar shayinsa. Na bi shi na ba shi takarda na ce ya rubuta mini ra'ayinsa. Ya rubuta, “Baba, wanda bai sha ba ba zai iya wannan ba.” Na yi shekaru ina koyar da yara wasan kwaikwayo a firamare, ban taɓa ganin wanda ya iya sa gumi ya tsattsafo masa da gangan ba.

Saboda haka na je wurin Malam Dogara. Kin san hukuma ta sa wa irin gidajen ido, yanzu a ɓoye yake yi, sai da na haɗa shi da zumunci ya yarda. Ga yadda muka tsara. Idan bizarki ta ƙare, ki ce ba za ki iya hawa jirgi ke kaɗai ba, wanda kowa ya san gaskiya ne, tunda ko tsallaka titi sai an riƙe miki hannu. Ki ce Shitu ya rako ki. Ni zan tsaya a filin jirgi da mutum biyu na Malam da mota. Daga nan ba gida zai nufa ba.

Kada ki faɗa wa kowa. Kada kuma ki yi mini halin naki, yau ki ce a kama gobe ki ce a saki.

Hanjin kuwa, ki binciki cikinki. Tun muna yara ba a barinki da tukunya.

Naki,
Illa

*

Panyu, Guangzhou

Malam Illa,

Gaisuwa. Muna lafiya, jariri har ya fara bin mutum da ido. Surayya ce dai ke rubutu. Na ga takardarka, ranar na kasa zama wuri ɗaya, daga kicin zuwa baranda har Zulaiha ta ce ko fitsari ne ya matse ni.

Na yi yadda ka ce. Ban rufe baki ba Shitu ya ce, “Inna, ai dama ba zan bar ki ki ɓata a hanya ba.” An sayi tikiti biyu. Yana ta murna zai ga kabarin uwarsa.

Amma tsaya ka ji. Surayya ta matsa mini sai na kalli fim ɗin daga farko. Na ce to, in mutuwa ce a yi ta. Na riƙe carbi ta kunna.

Illa, tsutsar nan safa ce! Safar ƙafa, an ɗinka mata maɓalli biyu a matsayin ido. Ta shiga kan yaron tana masa daɗin baki, “Angona, ɗan kurɓi kaɗan,” in ya kurɓa sai ta ce ita kuma a ba ta kayan cikin mutane ta ci. Sai ga wani ƙato, Maidaji mutumin Maraɗi da ke zuwa cin tuwo gidan nan, ya ɗaura zani ya yafa gyale, gemu na leƙowa, wai shi ne kakar yaron. Yana riƙe da muciya yana cewa, “Oh ni, wa ya taɓa mini firij?” Wai ni ke nan. Ni na yi kama da wannan basamuden?

Can aka zo wurin da mata ke rufe ido, an farke cikin mai sayar da kwalba ana jawo hanji, ana jawowa ba ya ƙarewa. Na ce Surayya tsayar! Ta tsayar. Na ce matso da shi. Illa, kitsona ne. Igiya uku, da ɗaurin da nake yi a ƙarshe in soke bakin ciki yadda Goggo ta koya mana. Wane ɗan Adam ne Allah ya halitta da kitsattsen hanji? Jinin kuwa zoɓona ne, har ga kanumfari yana yawo a kan rigar mamacin. Ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba, ina yi ina zaginsu, hawaye na zuba. Ɓarayin banza, suka hana mai jego farfesu.

Surayya ta ce akwai masu kallo da suka lura, wani ya rubuta wai wannan gawa ta je gidan kitso kafin ta mutu. Wani kuma ya ce bayan ya kalla ya zubar da kwalbarsa a kwata, da yamma ya sayo wata, amma gobe zai sake gwadawa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Tun ranar nake sa wa Shitu ido. Ka san mai shan abin nan ba ya cin abinci sai zaƙi, kuma cikinsa ɗaurewa yake. To wannan malmala uku yake tashi da ita ya nemi ƙanzo. Banɗaki ɗaya gare mu a gidan, kullum da safe sai an buga masa ƙofa. Kada ka yi dariya, ni na yi jinyarsa, na san abin da nake faɗa.

Ban ce na tabbata ba. In na tuna rawar hannun sai gabana ya faɗi, in na tuna safar sai in ce ko na yi gaggawa. Ka ce wa Malam Dogara ya dakata tukuna. Ka ba ni amsa ta hannun duk wanda zai taso.

Fasuma

*

Rijiyar Lemo, Kano

Fasuma,

Lafiya lau muke. A tsaye nake rubutu, mai kawo miki jibi zai tashi.

Na faɗa ko ban faɗa ba? Kin gane hanjinki, madalla, na janye zargin da na yi wa cikinki. Amma hanji ya nuna jinin ƙarya ne kawai. Bai ce komai a kan hannun ba. Tuwo da banɗaki kuwa, ba zan je gaban Malam Dogara da wannan hujja ba.

Ki tuna sau nawa yaron nan ya dafa Alƙur'ani ya ce miki ya warke. Kowane karo ke kike cewa a ƙyale shi, kowane karo a kwata ake tsinto shi. Ina sonsa, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Don haka ne ba zan janye ba. In lafiyarsa ƙalau, wata uku a wurin Malam ba za su kashe shi ba. In ba ƙalau ba, mun cece shi.

Ranar da jirginku zai sauka ina nan a bakin ƙofar fitowa, da mutanen da motar. Ke dai ki riƙe bakinki har ku iso.

Illa

*

Panyu, Guangzhou

Malam Illa,

Sallama. Kowa lafiya, an gama wanka, Zulaiha ta yi jawur. Za ka ga hannun ya sauya. Ba Surayya ba ce, Shitu ne ke rubutawa. Na zaunar da shi na ce duk abin da na faɗa ya sa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Jiya ya kai ni kasuwa sayen tsaraba. A jirgin ƙasan nan da ke bi ta cikin rami na riƙe rigarsa kamar makauniya. Da muka fito ya zaunar da ni a wani shagon abinci na 'yan Nijar, ya tafi karɓo mini ruwa. Jakarsa na gefena, na buɗe. Ga kwalba. Na buɗe na shinshina, na ɗanɗana. Zoɓo ne da sukari, har ya yi tsami.

Ya dawo ya same ni da ita a hannu. Na ce, “Ɗan nan, ka dubi Allah ka faɗa mini. Ka koma?”

Ya ce, “Ban koma ba, Inna.”

Na ce, “To ka warke ke nan?”

Ya ce, “A'a. Tsutsar tana nan. Kullum da safe sai ta gaishe ni. Ba na amsawa ne kawai.”

Na ce to kwalbar fa? Ya ce ta fim ce, yana yawo da ita ne, in abin ya taso masa sai ya fito da ita ya tuna safa ce ke masa magana, sai dariya ta kama shi. Na ce rawar hannun fa, da duniya ke cewa ba kwaikwayo ba ce? Ya ce, “Sun yi gaskiya, ba koya na yi ba, tunawa na yi. Da muka gama ɗaukar wurin sai da na yi kwana biyu ban fita ba.”

Ka ce in tuna rantsuwarsa. Na tuna, shi ya sa. Duk lokacin da yake sha cewa yake na warke, wallahi na warke, kawo Alƙur'ani. Tunda nake da shi bai taɓa ce mini ban warke ba sai jiya.

Yanzu kai Shitu, rubuta wannan, kada ka tsaya kallona. Ni Fasuma, ni na aika Illa wurin Malam Dogara. Rakiyar da na ce ka yi mini tarko ne. Da mun sauka, mutum biyu za su sa ka a mota a kai ka a ɗaura maka mari.

Illa, ya ajiye biro ya fita baranda. Na zauna ina kallon bayansa, na ce shi ke nan na rasa shi ta wata hanyar. Ya daɗe. Ga shi ya dawo, na ce ya rubuta cewa ya fita ya dawo. Idonsa ya yi ja, amma ba irin jan da ka sani ba.

Wai duk da haka zai rako ni, in ya so ya yi maka bayani da kansa. Na ce kurma za ka yi wa bayani? A gaban ƙarti biyu? Ba inda za shi. Mijin Zulaiha ya mayar da tikitinsa. Kabarin uwarsa ba gudu zai yi ba.

Ni kaɗai zan taho. Kai ka ce ko titi ba na iya tsallakawa, gaskiya ne. Akwai matakalar nan ta filin jirgin Adis mai tafiya da kanta, wadda da za mu zo sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Shitu ya rubuta mini sunana da inda za ni da Turanci, zai maƙala mini a hijabi da fil kamar buhun kaya. Ya ce in na ruɗe in nemi duk mai Ghana-mas-go in bi bayansa. In jirgin ya faɗi da ni, ku yafe mini.

Ko na yi daidai ban sani ba. Zai yiwu wata rana ya amsa gaisuwar tsutsar nan, ina can nesa ba na gani. Wannan tsoron da shi zan kwana har in mutu. Amma ba zan sa ƙarfe a ƙafar yaro ranar da ya fara faɗa mini gaskiya ba.

(Baba Illa, Shitu ne. Inna ta ba ni takardunka na karanta. Ban yi fushi da kai ba. Da Inna ma na kusa hucewa. Hanjin ni na ɗauka, Abdulgani ya ɗauki zoɓon. Ka ce wa dogon nan da ya bar shayinsa ina gaishe shi, ya nemi lambata wurin Alhaji Abdulrasheed.)

Na ce ya karanta mini abin da ya ƙara, ya ƙi. Ja'iri.

Babu mai tasowa kafin ni, don haka takardar nan a hannuna za ta zo. Ni zan miƙa maka a bakin ƙofar fitowa, tunda ko na yi ihu ba za ka ji ba. In kana karanta ta, to na tsallake matakalar Adis. Ɗago kanka ka duba bayana da kyau, babu kowa. Mutanen Malam kuwa, tunda ɗaukar kaya ya kawo su, ga jakunkunana can guda uku, su yi hankali da mai ruwan ɗorawa, akwai kofuna a ciki.

Taubashiyarka,
Fasuma